Na kai binciken karin sauti situdiyon mawaƙa a Zoo Road

Ga mai gaggawa: wurin yana da kyau, injiniyansa ya san hannunsa, kuɗin bai fi ƙarfin malamin makaranta ba, kuma zan koma. Amma in aune-aune ne zai kai ka ba waƙa ba, ka daure ka karanta har ƙarshe, don ni sai da na yi asarar yini guda cur kafin muka fahimci juna. Ba zan kama sunan situdiyon ba tunda akwai ƙorafi a cikin maganata. Yana saman wani bene ne a ɗaya daga cikin layukan da ke bayan Zoo Road, inda 'yan fim da mawaƙa suka yi sansani.

Ilimin harsuna nake koyarwa. Mu uku muka haɗu a kan takarda ɗaya: ni, da abokin aikina malamin fiziks, da wata ɗalibarmu mai digiri na biyu. Burinmu mu kai ta gaban masana ilimin sauti na duniya. Babban taronsu, wanda ake taƙaita sunansa da ICA, duk shekara uku ake yin sa. An fara shi a Delft ta ƙasar Holan a 1953, na 2019 aka yi a Aachen ta Jamus, na 2022 a Gyeongju ta Koriya ta Kudu, na 2025 kuma a New Orleans ta Amurka. A irin wannan taro za ka tarar da mai tsara zauren kiɗa, da mai sauraron halittun cikin teku, da mai binciken na'urar hoton ciki ta asibiti, da mai auna hayaniyar titi, da irinmu masu bin diddigin maganar ɗan Adam. Ba wanda zai tambaye ka ko muryar ta yi zaƙi. Abin da za a tsare ka da shi shi ne: da wace makirfo ka ɗauka, nisanta da baki nawa, kuma ɗakin da kansa ƙarar me yake yi idan kowa ya yi shiru.

Abin da muke aunawa kowane Bahaushe yana yin sa kullum ba tare da ya lura ba. Kukan yaro da kukar miya rubutunsu ɗaya, kari, wato hawa da saukar murya, shi ne ya raba su: na farko sama da sama, na biyu sama da ƙasa. Haka wuyan riga da wuyar aiki. Garin Kano da garin tuwo kuwa tsawon wasali ne ya raba su. Mun tara kalmomi 40 irin waɗannan, muka samo mutum 12 haifaffun cikin birni, maza shida mata shida, kowa zai faɗi kowace kalma sau uku a cikin jimla ɗaya tak. Mun fara gwadawa a ofis, amma ga fanka, ga ɗalibai a baranda, ga tantabaru a rufi. Malamin fiziks ya saurari abin da na ɗauko da waya ya ce in dai da wannan za mu je, gara mu zauna a gida. Shi ne ɗalibar tamu ta ce akwai situdiyon da ake yi wa ƙanwarta waƙar biki.

Mai wurin ya ce naira 10,000 a awa, muka yi ta jan ciniki har muka tsaya a 7,000 saboda awoyin da yawa. Shi ba ya zama. Aikin yana hannun wani saurayi da bai wuce shekara ashirin da 'yan kai ba, siriri, mai fara'a, wanda hannunsa yake yawo a kan kwamfuta kamar na mai saƙar hula.

Ranar farko da kawuna na fara, tsohon ɗan kasuwar Kurmi, don Hausarsa ba gauraye. Yaron ya shigar da shi ɗakin ɗauka, ya gyara masa kujera, ya ce, "Baba, a ɗan matso kusa da ƙarfen nan, a yi magana kamar ana hira a zaure." Kawu ya karanta kalmominsa tsaf. Muka bi da mutum uku bayansa. Da aka tashi, injiniya ya kunna mana mu ji, yana murmushin wanda ya san ya yi bajinta. Sai ga muryar Kawu ta cika ɗakin, ta yi kauri, tana amsawa kamar ta mai karanta labarai a rediyo. Kawu ya gyara zaman hularsa ya ce, "Ikon Allah! Ashe haka muryata take kuka bar ni a kasuwa?"

Ni kuwa gabana ne ya faɗi. Na ce masa, "Ƙanena, me ka zuba mata?"

Ya ce, "Ɗan gyara ne kawai, Malam. Ai ba a fitar da murya ɗanya, ba daɗi."

Ɗan gyaran nan kashi huɗu ne, kuma ya saita su tun a ƙofar shiga, wato muryar tana ratsa su kafin ta sauka a faifai. Akwai amsa-kuwwa, wannan kowa ya ji ta. Akwai mai daidaita ƙarfi, da ke danne inda aka ɗaga murya ta ɗago inda aka sassauta. Akwai mai datse duk sautin da ya yi rauni, don kada a ji numfashi. Wannan ita ta yi mana ɓarna a ɓoye, domin dogon wasali a ƙarshen magana a hankali yake dusashewa, ita kuma sai ta gutsure masa wutsiya ya koma kamar gajere. Ta kuma cinye ɗan gunjin maƙogwaro da ake ji kafin a saki ɓ da ɗ. Ta huɗun ita ce uwa uba: na'urar da ke jan muryar mawaƙi ta ɗora ta a kan matakin kiɗa mafi kusa. Ga mawaƙi rufin asiri ce. Ga wanda ya zo auna hawa da saukar kari, kamar ka kai wa likita jini ne bayan ka zuba masa zobo don ya ƙara ja.

Na ce, "Ɗanyar nake so." Ya dube ni ya dubi Kawu, ya ce, "Wallahi Malam tunda nake ban taɓa ganin wanda ya biya kuɗi a ba shi ɗanya ba." Laifin rabi nawa ne, ban yi masa bayani tun farko ba, na ɗauka "ɗaukar murya" abu ɗaya take nufi a wurina da wurinsa. Abin da ya burge ni shi ne da kansa ya kira maigidansa ya ce kada a lissafa wannan ranar.

Kashegari ya cire komai, muka ɗauki gwaji, na buɗe shi a Praat. Manhaja ce ta kyauta da Paul Boersma da David Weenink na Jami'ar Amsterdam suka rubuta, ita ce fartanyar duk mai wannan sana'a. Tana zana maka murya ka gan ta da ido. Muryar ta fito garau, amma a can ƙasan hoton ga wasu layuka a miƙe sambal, daga farko har ƙarshe, ko inda ba wanda ke magana. Ɗaya a kan 50, ɗaya a kan 100, ɗaya a kan 150. Malamin fiziks ko tambaya bai yi ba, ya nuna taga inda janareta ke ruri. Wutar lantarkinmu sau 50 take kaɗawa a daƙiƙa, ta gwamnati ce ko ta inji, kuma in wayoyi ba su da kyakkyawar mahaɗa da ƙasa sai wannan kaɗawar da ninkin-ba-ninkinta su kutsa cikin ɗauka. Matsalar ita ce muryar namiji babba yawanci a tsakanin 100 da 150 ɗin nan take yawo. Wato ɓarawon a tsakiyar gonarmu ya kafa bukka. Manhajar takan rikice ta kama layin janareta ta ce shi ne karin Kawu.

Injiniya ya ce shi bai ji komai ba. Da gaskiyarsa, kiɗa yana rufe irin wannan, kuma kunnen da ya shekara kusa da inji ya daina jin inji. Na ƙure ƙarar na sa masa abin kunne. Ya yi shiru na ɗan lokaci, sannan ya miƙe ba tare da ya ce uffan ba, ya sauka ƙasa ya kashe janareta, ya dawo ya zare cajar kwamfutarsa, ya bar akwatin makirfon yana shan wuta daga batirinta. Muka sake ɗauka. Layukan nan ɓat, kamar an share da tsumma. Wannan dabarar tasa ce, ba tamu ba, kuma daga nan na san yaron ba danna maɓalli kawai ya iya ba.

Sai dai kashe inji yana nufin kashe na'urar sanyaya ɗaki, a watan Afrilu, a Kano, a cikin akwatin da aka liƙe da soso. Minti 20 muke yi mu buɗe ƙofa kowa ya sha iska. Malamin fiziks, da gumi yake ɗiga daga gemunsa, ya ce mu yi murna, sauti ya fi sauri a zafi: mita 343 a daƙiƙa idan ma'aunin zafi yana kan 20, kusan 355 idan ya kai 40. Kawu ya ce to ya yi saurin ya gama su tafi gida.

Ɗakin ɗaukar shi kansa na yaba masa. Ƙarami ne, ƙofa biyu, darduma a ƙasa, soso mai kauri a bango. In ka tafa hannu, tafin a nan take yake mutuwa. Wannan shi ne abin da Wallace Sabine na Jami'ar Harvard ya fara aunawa a ƙarshen ƙarni na 19, lokacin da aka ba shi wani zauren lacca da ba a jin magana a cikinsa. Ya riƙa kwaso matasan kujeru cikin dare yana jibgewa, yana busa bututun kiɗa yana duba agogo, har ya gano yadda girman ɗaki da yawan kayan laushi suke yanke tsawon amsawar sauti. Har yau da awonsa ake aiki: lokacin da sauti ke ɗauka kafin ya ragu da desibel 60 (desibel shi ne ma'aunin ƙarfin ƙara). Abokina ya zo da na'urar auna ƙara, ya fara daidaita ta da ɗan bututun da ke ba da desibel 94 daidai, sannan ya auna. Da komai a kashe ɗakin yana wajen 30, da inji da na'urar sanyi yana kaiwa 45. Kada 15 ɗin nan ta yi maka kama da kaɗan. Duk ƙarin 10 ninki goma ne na ƙarfin sauti, don haka 15 ta haura ninki talatin.

Falon waje kuwa an lulluɓe shi da kiret ɗin ƙwai har rufi, an yi masa fenti baƙi, kuma mai wurin da shi yake taƙama. Kwali ne marar nauyi, ba ya hana ƙarar waje shigowa, hon ɗin Adaidaita Sahu yana ratsa shi kamar babu. Abin da ke tare sauti nauyi ne da kauri da toshe kafa. Ɗakin kakata na ginin ƙasa a cikin birni, mai bango kamu biyu da rufin azara, ya fi falon nan shiru nesa ba kusa ba. Na faɗa wa mai wurin haka, bai ji daɗi ba, na kuwa ja bakina.

Inda suka gaza da gaske shi ne alƙawarin lokaci. Rana ta uku mun yi da su ƙarfe goma, na kwaso mata huɗu, biyu daga cikinsu matan aure da suka baro girki. Muka tarar wani mawaƙi da tawagarsa sun mamaye wurin, wai waƙar kamu ce ta gaggawa. Awa biyu da rabi muna jira, kuma babu wurin zama na mata daban, sai benci ɗaya a tsakiyar samari masu shewa. Ɗaya ta yi fushi ta tafi, sai da na je har gida na ba mijinta haƙuri. In za ka kai iyaye mata ko dattawa, ka karɓi safiyar Lahadi da wuri, kafin titi ya farka kuma kafin mawaƙa su tashi daga barci. Mu ma a nan muka ƙare, kuma ɗaukar ranar ta fi ta kowace rana tsafta.

Sai batun miƙa aiki. Da daddare na ga saƙonni sun shigo WhatsApp, ya matse duka ya mai da su mp3 don kada su cinye min data. Niyya mai kyau, amma mp3 zubar da wani ɓangaren sautin take yi, wanda take ganin kunne ba zai yi kewarsa ba, mu kuma ba da kunne muke awo ba. Allah ya taimaka bai goge na asali ba. Da safe ya zuba min su a filashi a tsarin WAV, wanda ba ya zubar da komai, awo 48,000 a daƙiƙa, kowane fayil da lambar mai magana da ranar ɗauka, ba tare da na roƙa ba. Ya kuma rubuto min samfurin makirfon da na akwatin a takarda. Nisan baki da makirfo da yake aunawa da tafin hannu, da na kawo rula muka tsayar a santimita 15, sai ya ɗaura zare a jikin ƙarfen daidai tsawon don kada mu riƙa sake awo ga kowane mutum.

Da muka gama ya tambaye ni ko sunansa zai fito a takardar. Na ce zai fito a sashen godiya, tare da dabarar batirin. Ya sa na saukar masa da Praat a kwamfutarsa, ya shiga ɗakin ya ce "kuka, kuka" shi kaɗai, ya fito yana kallon layin muryarsa yana miƙewa a ta farko yana gangarowa a ta biyu. Ya kira wani abokinsa mai kiɗa ya ce, "Zo ka ga Hausa."

Kawu dai bai yafe ta ranar farko ba. Ya aiko jikansa takanas ya karɓo masa mai amsa-kuwwar a waya, kuma ance duk wanda ya zauna a rumfarsa a Kurmi sai ya ji shi yana cewa wuya, wuya, gari, gari, da muryar gidan rediyo.