Cottingham ko Hessle? Ƙanwata, ki kama gida a Cottingham

Ƙanwata da kika tambaya inda za ki kama gida tsakanin Cottingham da Hessle, garuruwa biyu da ke gefen birnin Hull a Ingila, tunda an ɗauke ki aiki a asibitin Castle Hill, barka da arziki, Allah ya sa albarka. Duka biyun na zauna a cikinsu, ba ji na yi a bakin wani ba. Ki kama gida a Cottingham.

Asibitin naki ma a cikin Cottingham yake, can gefen yamma inda ƙasa ta fara hawa tudu. Wanda ya yi aikin dare ya fito da asuba cikin sanyin Janairu shi ya san darajar gida kusa.

Satinmu na farko a nan, wata Alhamis, na goya yarinyata na fita neman kasuwar da ke ci a Market Green. Garin cike yake da 'yan lunguna na ƙafa da ke ratsa bayan gidaje, na shiga ɗaya na rasa mafita, ga yayyafi. Wata tsohuwa da jakar cefanenta ta gan ni ina waige-waige, ta juyo da kanta ta raka ni har titin Hallgate, tana riƙe mana lema. A hanya ta nuna min hasumiyar St Mary, cocin ƙarni na 14, ta ce duk inda na ɓace in ɗaga kai in nemo ta. Har yau da ita nake gane hanya, kuma har yau muna gaisawa da matar a kasuwa.

Mutanen nan ba sa son a ce musu unguwar Hull ce. Ƙauye suke kiransa, har suna alfahari yana cikin ƙauyuka mafi girma a Ingila, alhali a ƙidayar 2011 mutanensa sun haura 17,000. Suna da hujja: sunan garin yana cikin ƙidayar filaye da Sarki William ya sa aka yi a 1086, tun Hull ba ta zama gari ba. Daga baya rijiyoyinsa da lambunansa ne suka riƙa shayar da Hull suna ciyar da ita. Yana da ƙaramar majalisarsa ta gunduma, kuma harajin gida ba Hull za ki biya ba, majalisar East Riding za ki biya. Hessle ma haka.

Abin da na fi so shi ne ba sai da mota ba. Kantuna, kantin magani, gidan waya, duk suna tsakanin Hallgate da King Street. Tashar jirgin ƙasa tana nan tun 1846, ƙasa da minti goma kin shiga Hull, haka in kika nufi Beverley. Jami'ar Hull tana kan titin Cottingham Road, in maigida zai yi karatu. Masallacin Juma'a da naman halal sai an shiga Hull, wajen Pearson Park da Spring Bank, amma daga nan bas ɗaya ce. Aibinsa da na sani: layin dogo ya ratsa gari, in aka rufe shinge a Thwaite Street ko Northgate da safe sai haƙuri. Sannan ambaliyar Yunin 2007 ta shiga gidaje a nan ma, don haka kafin ki sa hannu ki saka lambar unguwar a shafin gwamnati na duba haɗarin ambaliya.

Hessle kuwa, gada ce abin nunawarta, ba zan hana ta ba. An buɗe gadar Humber a 1981, tazarar tsakanin ginshiƙanta biyu mita 1,410, ta yi shekaru babu kamarta a duniya. Don ita muka kama gida can, mun ga hoto mun ruɗe. Wata goma sha ɗaya muka yi, iskar kogi tana shiga har ƙashi, kullum sai na shiga Hull na sauya bas kafin in isa wurin aiki. In kina da mota kuma kin saba tuƙi, titin A164 zai kawo ki asibiti ba wahala. In babu, ki bar ta ta zama wurin kai yara bakin ruwa ranar hutu.

Ba ki tambaya ba, amma sai na faɗa, don an cuci wata baiwar Allah a gabana. Ta ga gida a Facebook, hoto tsaf, haya mai sauƙi, mutumin ya ce yana ƙasar waje, ta tura kuɗi zai aiko da makulli. Daga ranar lambarsa ba ta ƙara shiga ba. Kada ki tura ko fam ɗaya sai ke ko wanda kika yarda da shi ya shiga gidan da ƙafarsa. Dokar 2019 ta ce kuɗin kafin alƙalami ba zai wuce hayar mako ɗaya ba, kuɗin ajiya kuma na mako biyar, wata dokar kuma ta ce dole mai gida ya saka kuɗin ajiyar a asusun kariya da gwamnati ta amince da shi cikin kwana 30. Duk wanda ya nemi kuɗin fom ko na duba takardunki, ki tashi ki ba shi wuri. In kin shiga dubawa kika ji warin sabon fenti a bango ɗaya kawai, ki ɗora tafin hannunki a kai, ki leƙa bayan kabad. Haka aka rufe mana danshi da baƙin fumfuna a gidanmu na farko, sai da hunturu ya shigo suka fito.

Ki nemi tsakanin Castle Road da Hallgate, ki samu asibiti da kasuwa duk a ƙafa. In kin ga wanda ya kwanta miki, ki turo min adireshin ta akwatin sirri, ranar Alhamis ba na aiki, zan je in duba miki.