Kafintan da ya haɗa min kwale-kwale a ƙofar gida

Jama'a tun bara nake cewa zan yi magana akan dattijon nan da ya haɗa min kwale-kwale, amma na ce bari jirgin ya ga damina ya ga rani tukunna, tunda ance ba a yabon ɗan kuturu sai ya shekara arba'in da yatsa.

Mu nan ɓangaren Auyo duk wanda gonarsa take tsallaken kogin Haɗejiya ya san wahala, in ruwan sama ya haɗu da wanda ke gangarowa daga madatsun ruwa na Tiga da Challawa shikenan hanya ta yanke. Ambaliyar 2022 ita ta sa na yi rantsuwa sai na mallaki nawa ko ƙarami ne, don wlh na gaji da zaman jiran mai fito tun sassafe kana hango shinkafarka tsuntsaye na ta biki a kai.

Wani masunci ne ya haɗa ni da shi, ba shi da shago ba shi da allo, kayan aikinsa a buhu ɗaya suke, zarto da guduma da gizago da kurfi sai wani tsohon tef da lambobinsa suka goge. Kai zaka sayi kaya shi kuma ka biya shi kuɗin hannu. Abin da ya fara burge ni shine ya ce ƙafata ƙafarka zuwa wajen masu katako a Haɗejiya, kuma a can na ga ikon Allah, duk fallen da aka ɗago sai ya ƙwanƙwasa ya ɗaga ya ji nauyi ya kanne ido ɗaya ya duba miƙewarsa, mai katakon har ya fara ƙosawa. Ni farin katako na so don sauƙin kuɗi, ya ce ɗana wannan na silin ne da benci, ruwa zai cinye shi, jan katako zamu ɗauka kuma busasshe. Na ce Baba ai ruwa zai shiga meye na damuwa da bushewa, ya yi dariya ya ce busasshe in ya sha ruwa kumbura yake ya matse kansa, ɗanye kuwa ranar da ya ga rana zai tsuke ya bar maka ƙofa ko ina. Gsky wannan bayanin kaɗai ya biya ni.

Falle mai ƙafa 12 muka saya, shi yasa jirgin bai wuce haka da yawa ba. Ya fara shimfiɗa ƙasan, ya kafa haƙarƙari, sannan ya lanƙwaso na gefe a hankali yana ɗaurewa da igiya kafin ya buga ƙusa, yaran unguwa sun zagaye shi kamar ana wasan biri. Inda ya fi ɓata lokaci wajen toshiya ne, duk tsakanin katako biyu sai ya cusa auduga da bakin kurfi, ya bi da narkakkiyar kwalta, ya rufe da siririn langa-langa ya jera ƙananan ƙusoshi kusa da kusa. Uwargida kam ta yi mita don warin kwalta ya kwana uku a tsakar gida har cikin tuwo ake jinsa.

To ga inda na ji haushi. Ya ce kwana bakwai, sai da muka yi sati uku, yau ya tafi suna gobe ta'aziyya jibi wayarsa a kashe, kuma ya riga ya karɓi rabin kuɗi. Sannan lissafin ƙusa da kwalta bai yi daidai ba, sau biyu ina komawa kasuwa. Filafilin da ya sassaƙa min kyauta ma bai yi wata biyu ba ya tsage, amma kyauta ce ba zan yi ƙorafi sosai ba.

Ranar da muka saka shi a ruwa hankalina ya tashi don na ga yana tsattsafowa ta ƙasa, na ce Baba ya haka, ya ce a bar shi a nutse kwana uku. Da muka kwashe ruwan kuwa ko ɗigo sai kaɗan, har yau ɗan gwangwani ɗaya nake ajiyewa a ciki. Ƙasansa shimfiɗaɗɗe ne don haka yana ratsa ruwa mara zurfi da gefen ciyawar kachala da gora ba matsala, sai dai in iska ta taso yana rawa. Ya ja min kunne kar in wuce mutum huɗu ko buhu biyar, ya tuna min abin da ya faru a Bagwai a 2021 da jirgi ya kife da ɗaliban Islamiyya a ruwan Watari, Allah ya jiƙansu.

In maki ne zan ba shi takwas cikin goma, biyun na saɓa alƙawari ne. Da rani na yi sakaci na bar jirgin a tudu rana ta buɗe bakin gaba kaɗan, na kira shi ya ce gobe yana tafe da kwalta, yau kwana tara kenan.