Gargaɗi ga manoman masara game da "takin kwalba" da ake tallatawa a kasuwanni

Ina jan hankalin 'yan'uwa manoma, musamman na yankin Zariya, Giwa da Funtuwa, game da wasu mutane da ke zagaya kasuwannin mako da lasifika a kan mota, suna kuma tura saƙonni a WhatsApp, suna sayar da wani ruwa a kwalba da sunan takin ƙananan sinadarai. Da'awarsu ita ce kwalba ɗaya ta lita guda tana maye gurbin buhu huɗu na kamfa da yuriya, don haka manomi ya huta da tsadar taki.

Abin da ya sa damfarar take shiga shi ne an gina ta a kan gaskiya. Ƙasarmu ta gaji. Shekara da shekaru ana nomanta ba hutu, ana kwashe kara da harawa, takin gida kuma ya yi ƙaranci. Gonaki da dama suna fama da ƙarancin zink da boron, kuma duk wanda ya taɓa ganin sabon ganyen masara ya fito da farin zane a gefen jijiyarsa, shukar ta tsugune ta ƙi tashi, ya ga alamar rashin zink da idonsa. To amma ana kiran waɗannan sinadarai ƙanana ne saboda kaɗan shuka take buƙata daga gare su, kamar gishiri a miya, kuma ba a taɓa ƙoshi da gishiri ba. Buhun yuriya mai kilo 50 yana ɗauke da kilo 23 na naitirojin, wato babban sinadarin da shuka take buƙata da yawa, alhali hekta ɗaya ta masara tana neman abin da ya kai kilo 120. Ta ina wannan nauyi zai shiga kwalbar lita guda?

Ƙanen mahaifina ya faɗa hannunsu a daminar bara. Ya sayi kwalba uku, ya fasa sayen yuriya, ya yi feshi sau biyu kamar yadda aka umarce shi. Ganye ya ɗan yi kore na 'yan kwanaki, daga nan masarar ta koma ɗorawa tun daga ƙasa, goyon da ta yi kuwa bai wuce tsawon tafin hannu ba. Da na karɓi kwalbar na duba, babu sunan kamfani, babu adireshi, babu jerin abin da ke ciki, sai hoton wata ƙatuwar masara da lambar waya, wadda tuni aka rufe ta. Takardar ma da ruwa ya taɓa ta, sai tawadar ta bi yatsana.

Dokar kula da ingancin taki ta 2019 ta wajabta wa mai haɗa taki ko sayar da shi ya sami izinin gwamnati, ya kuma bayyana sinadaran da ke cikin kayansa. Wanda ya kasa nuna wannan, kada a ba shi ko sisi. Akwai takin zink da boron na gaske a wurin dillalai masu rajista, amma ƙari ne a kan kamfa da yuriya, kuma boron idan ya yi yawa ƙona shuka yake yi. Kafin a saya a kira malamin gona ya duba gonar, ko a kai samfurin ƙasa cibiyar binciken aikin gona ta Samaru a gwada.