Fentin gwangwani a jikin babur: inda yake aiki da inda yake gazawa

Fentin feshi na gwangwani, irin mai cin mililita 400 da ake samu a shagunan kayan gini da na kayan gyaran mota, shi ne abin da yawancin masu son sauya wa babur launi a gida suke fara saya, saboda ba ya bukatar injin iska ko bindigar feshi. Na yi amfani da shi a kan wani tsohon babur ƙirar Bajaj Boxer wanda rana ta koɗar da jan fentinsa, kuma ra'ayina a kansa ya danganta da ɓangaren babur ɗin da ake magana a kai.

A kan murafen gefe da modigad, fentin ya yi abin a yaba masa. Launin yana fitowa sosai, yana shan iska cikin 'yan mintuna, kuma idan aka girgiza gwangwanin na tsawon minti 2, aka riƙe shi nesa da jikin abin kamar santimita 20 zuwa 25, feshin yana sauka daidai ba tare da ɗiga ba. Sai dai kyan aikin ya dogara ga abin da aka yi kafin a taɓa gwangwanin. Dole a wanke maiƙo da sabulu, a goge tsohon fenti da samfefa mai lamba 400, a fesa fentin share fage, sannan a bi shi da mai lamba 800 tare da ruwa har sai yatsa ya daina jin kaushi. Fentin gwangwani siriri ne ƙwarai, ba ya rufe aibi. Duk ƙarzanen da aka bari a ƙasa zai bayyana a sama, har ma ya fi fitowa idan launin baƙi ne. Shafi uku marasa kauri, da hutun kamar minti 10 a tsakaninsu, sun fi shafi ɗaya mai nauyi wanda zai zubo kamar hawaye.

Tanki ne matsalar. Irin wannan fenti yana bushewa ne kawai idan sinadarin da ya tsinka shi ya bi iska, don haka duk wani sinadari mai kama da shi yana iya sake narkar da shi, kuma fetur yana cikinsu. Ɗigo kaɗan daga bakin famfon gidan mai, ko daga mazurarin 'yan bumburutu, ya isa ya bar tabo mai danƙo a gefen murfin tankin, ko da fentin ya yi makonni da bushewa. Fentin ƙyalli na gama-gari, wato marar launi da ake fesawa a saman fenti, wanda ake sayarwa tare da shi, ba ya maganin wannan, domin halittarsu ɗaya ce.

Abin da ya yi maganin matsalar shi ne fentin ƙyalli mai haɗi biyu, wanda ake kira 2K, kuma wanda na gwada shi ne SprayMax na ƙasar Jamus. A gindin gwangwanin akwai wani ɗan tsinke. Ana ciro jan maɓalli daga murfi a ɗora a kai a danna, sai sinadarin taurarawa ya gauraya da fentin a ciki. Bayan ya gama taurara, fetur ba ya cinsa, kuma ana iya goge shi da samfefa mai lamba 2000 a bi da man goge mota har ya yi sheƙi. Yana da tsada idan aka kwatanta da na gama-gari, kuma da zarar an danna maɓallin, kwana biyu ne wa'adinsa, zafin garinmu kuma yana rage wannan wa'adi, saboda haka sai an shirya dukkan sassan kafin a buɗe shi. Hayaƙinsa yana ɗauke da sinadarin da ke illa ga huhu, wanda takunkumin yadi ba ya tarewa. Ana bukatar takunkumi mai matata, a yi aikin a sarari, nesa da yara da wuta, bayan an cire tankin an juye man da ke ciki.

Yanayi ma yana da ta cewa. Ƙurar hunturu tana manne wa ɗanyen fenti, shi ya sa yayyafa ruwa a ƙasa kafin a fara yake da amfani, laimar damina kuwa tana sa fentin ya yi hazo-hazo. Wanda kuma zai sauya launi gaba ɗaya ya tuna cewa launin babur a rubuce yake a takardunsa, kuma jami'an hanya suna dubawa.