Sharhi kan Phantom Liberty: wasan leƙen asiri a garin da sojoji suka ƙwace

Wanda ya ga hoton jirgin shugabar ƙasa yana ci da wuta, ya kuma ji ana maganar roka da duniyar wata, zai zaci yaƙin sararin samaniya za a gwabza a wasan bidiyo na Phantom Liberty. To ya rage zumuɗi. Sama tana cikin labarin, amma daga ƙasa ake hango ta. Abin da ke cikin wasan leƙen asiri ne tsantsa: wa ke yi maka ƙarya, wa ke faɗa maka rabin gaskiya, kuma wa za ka bari a rana idan tura ta kai bango. Na buga shi sau biyu a PS5, kowane karo ta hanya daban, na kuma gwada shi a kwamfuta, kuma a nan Kano rabin wahalarsa tana zuwa ne tun kafin ka ga hoton farko.

Da farko dai, ba wasa ne mai zaman kansa ba. Ƙari ne a kan Cyberpunk 2077 na kamfanin CD Projekt Red da ke ƙasar Folan. Uwar wasan ta fito ranar 10 ga Disamba 2020, ƙarin kuma ranar 26 ga Satumba 2023 a kan dala 29.99. Sai kana da uwar zai buɗe. Ba ya aiki a PS4 ko Xbox One kwata-kwata, don haka masu gidajen gem da har yanzu PS4 ce jarinsu su cire rai. PS5, Xbox Series da kwamfuta aka yi wa shi, daga baya a 2025 ya zo Switch 2.

Inda kuɗin mutane ke salwanta shi ne wajen saye. Najeriya ba ta cikin ƙasashen da ake buɗe asusun PlayStation da sunansu, shi ya sa kowa yake da na Amurka ko na Ingila. Idan faifanka na Turai ne ka sayi ƙarin da asusun Amurka, za a cire kuɗin, za ka sauke shi, amma wasan ba zai gan shi ba, domin lambar yankinsu ta bambanta. Duba bayan kwalin: tambarin PEGI na Turai ne, ESRB na Amurka ne, ka sayi ƙarin daga shagon yankin da ya dace da faifan. Tarko na biyu shi ne kwalin Ultimate Edition na PS5. Uwar wasan ce a faifai, ƙarin kuwa lamba ce a takarda da ake shigarwa sau ɗaya. Idan na hannu ka samu a Titin Beirut ko Farm Centre, ka ɗauka mai shi na farko ya riga ya cinye lambar, ka yi ciniki a kan farashin uwar wasan kaɗai.

Sai data. A PS5 ƙarin ya haura giga 30, ban da gyare-gyaren uwar wasan da dole sai sun sauka kafin ya tashi. Ka bar shi da dare na'ura tana yanayin hutu. Mai kwamfuta yana da sauƙi idan a GOG, shagon sayar da wasanni na intanet, ya saya, domin suna ba da fayil ɗin sakawa wanda za ka adana a hadis na waje, duk ranar da ka wanke kwamfutar ba sai ka sake ƙona data ba. Da zarar ya sauka, babu ruwansa da intanet.

Mafi ƙarancin abin da kamfanin ya nema a kwamfuta shi ne Core i7-6700 ko Ryzen 5 1600, RAM giga 12, katin hoto GTX 1060 mai giga 6 ko RX 580 mai giga 8, da fili giga 70 a SSD. Wannan na ƙarshen ba shawara ba ce. A kan hadis mai juyawa, za ka shiga titi da gudu kafin gine-gine su gama fitowa, mota ta ɓullo a gabanka kamar aljani, baki ya motsa murya ta biyo baya. Dalili shi ne wasan yana ɗebo gari ne daga ma'ajiya a daidai lokacin da kake tafiya, kuma Dogtown, unguwar da labarin ƙarin yake faruwa, ta fi ko'ina cunkoson kaya. Yawancin kwamfutocin Beljiyam na ofis da ke kasuwa ba su da katin hoto na daban, komai girman sunan i7 da aka manna musu, kada mai shago ya ruɗe ka da shi. A PS5 akwai zaɓi biyu, mai gudun hoto 60 a daƙiƙa da mai ƙyalƙyalin haske a 30. Ɗauki na 60. Hasken yana da kyau a hoto, amma a cikin harbi hannu ne ke shan wahala.

PS5 tana jan kusan wat 200 idan wasan ya yi zafi, ka haɗa da talabijin kafin ka ɗora wa inbata. A watan Afrilu, ɗaki mai rufin kwano da rana tsaka zai sa ta riƙa kuka har ta rubuto maka gargaɗin zafi. Ka fito da ita daga cikin kabad, ka ba ta fili ta baya, kuma bayan hunturu ka zare murfinta ka zuƙe ƙurar da ta taru a ramukan da aka yi don haka. Wasan yana adana kansa jefi-jefi, amma ba ya barin ka adana a tsakiyar faɗa, saboda haka idan aka ɗauke wuta kana gab da gama wani babban abokin gaba, sai dai haƙuri.

Labarin kuwa ya fara ne da kiran wata mai kutse, Song So Mi, wadda ake ce wa Songbird. An harbo jirgin shugabar Sabuwar Amurka, Rosalind Myers, ya faɗo a Dogtown, ana so ka fito da ita da rai, ladanka kuma maganin na'urar da ta maƙale a kanka tun a uwar wasan, take cin ƙwaƙwalwarka. Dogtown unguwa ce da aka zagaye da ganuwa a cikin Night City, birnin da uwar wasan take, tana hannun Kanar Kurt Hansen, tsohon sojan da gwamnatinsa ta ce ya janye a ƙarshen yaƙi, ya ƙi, ya riƙe wurin da dakarunsa na Barghest, ya mayar da shi kasuwar makamai. 'Yan sanda ba sa shiga. A ƙofa sai an haska motarka. Tsohon filin wasa ya zama kasuwa mai lunguna, rumfa a kan rumfa, wanda ya taɓa ɓata a cikin Kurmi zai gane yanayin, sai dai a nan tankar yaƙi da ƙafar ƙarfe ake kasawa.

Akwai hanyar shiga biyu. Ko dai ka bi uwar labarin har ka gama da gungun 'yan kutse na Voodoo Boys a unguwar Pacifica, sai kiran ya zo, ko ka zaɓi tsallakawa kai tsaye, a ba ka ɗan wasa a mataki na 15. Sabon shiga kada ya tsallaka. Za ka tarar Johnny Silverhand, wanda Keanu Reeves ya hau, yana zuba surutu a cikin ƙwaƙwalwarka ba ka san daga ina ya fito ba, kuma an riga an yanke maka wasu hukunce-hukunce. Wani abin lura: idan jirgin ya faɗi, nufi wurin kai tsaye. In ka juya ka tafi yawonka, Myers za ta mutu, Songbird ta yanke hulɗa da kai, labarin da ka biya kuɗinsa ya rufe, sai ka koma tsohon ajiya.

Awanni biyun farko harbi ne da gudu, har da wata tanka mai ƙafafu kamar gizo-gizo, Chimera. Kada ka ɓata harsashi a jikinta barkatai, ka nemi wuraren da ke haske, kuma da zarar ƙananan jirage marasa matuƙi sun fito gyara ta, su za ka fara kakkaɓewa, in ba haka ba aikin baban giwa kake yi.

Bayan nan ne wasan ya zama abin da ya cancanci kuɗinsa. Solomon Reed ya shigo, ɗan leƙen asirin da hukumarsa ta binne da rai shekara bakwai, yana aikin gadin ƙofar gidan rawa yana jiran waya. Idris Elba ne ya hau shi, kuma ya yi shi da murya ƙasa-ƙasa irin ta mutumin da aka ci amanarsa amma ya kasa daina biyayya. Shi ne ginshiƙin labarin. Ba mugu ba ne, ya yi imani da gaske cewa taimako yake yi, kuma a nan haɗarinsa yake. Songbird ita ma tana da hujjarta: gwamnati ta yi amfani da ita wajen tsallaka Blackwall, katangar da ta raba intanet da wasu basirorin na'ura da suka ƙwace, har jikinta ya kusa ƙarewa. Kowannensu zai kalle ka ido cikin ido ya ɓoye maka wani abu.

Dubi zaman otal ɗin Black Sapphire. Ka shigo ta ramin ruwa, ka hau sama da bindiga mai madubi kana share wa Reed hanya, sai ka canza kaya ka shiga liyafar manya. A teburin caca ka zauna da tagwaye 'yan Faransa, Aurore da Aymeric Cassel. Aikinka shi ne ka ja su da hira, ka sa su dariya, ka ɗan tsokane su, na'urar idonka tana kwafar yadda fuskarsu ke motsi. Babu harbi ko ɗaya, amma hannu yana gumi. Daga baya za a dasa maka fuskar ɗayansu ka zauna gaban Hansen, yana zuba maka abin sha yana jefo tambayoyi kamar hira, alhali gwaji ne. Bayanan da aka ba ka kan mutumin da kake kwaikwayo, ka karanta su da kyau. Mai danna maɓalli don ya wuce magana a nan asirinsa zai tonu. Wanda Turancinsa bai nuna ba yana iya sa rubutun Larabci ko Faransanci a ƙasa, babu Hausa, kuma wasu amsoshin lokaci ake ƙirga musu.

Kafin ka shiga aikin da ake kira Firestarter, yi ajiya da hannunka ka bar ta. A nan hanya ta rabu biyu, kuma ba ƙaramar rabuwa ba ce, ayyuka ne daban gaba ɗaya. Bin Songbird zai kai ka tashar roka, inda sai ka ajiye makami kafin a bar ka ka wuce, sannan sojojin ɓoye su afka wa wurin cike da fasinjoji. Iyakar rabonka da sararin samaniya ke nan: roka a tsaye, wata a sama, kai a ƙasa. Bin Reed kuwa zai kai ka wani tsohon sansanin kamfanin makamai na Militech a ƙarƙashin ƙasa, Cynosure, inda wasan ya rikiɗe ya koma na tsoro. Wani mutum-mutumi, Cerberus, yana farautarka, ba ya kisuwa, duk ƙarfin da ka tara na awa hamsin ba shi da amfani, sai ɓuya. Na yaba da tunanin, ban yaba da tsawonsa ba. Karo na farko gaba yana faɗuwa, karo na biyar da ya kama ka a lungu ɗaya haushi ne ke zuwa. Ƙarshe huɗu ne gaba ɗaya, biyu daga ciki suna buɗe wani sabon ƙarshe ga uwar wasan.

Inda aka yi ragon azanci shi ne Hansen. An gina shi da kyau, soja mai kwarjini da ya san darajar abin da ke hannunsa, amma zamanka da shi bai taka kara ya karya ba. Haka akwatunan kaya da ake jefowa daga sama da jan hayaƙi, da satar motoci ga wani dillali, El Capitán: na farko da na biyu da daɗi, daga nan maimaici ne. Ayyukan gefe na dillalin Dogtown, Mr. Hands, su ne suka fi, kusan kowanne yana ƙarewa da zaɓin da babu mai tsabta a cikinsa.

Game da gina ɗan wasa, gyaran 2.0 da ya zo kyauta 'yan kwanaki kafin ƙarin ya sauya komai. Sulke yanzu daga ƙarafan da aka dasa maka yake zuwa, ba daga tufafi ba, kuma jiki yana da iyakar abin da zai ɗauka. Gurbin babbar na'ura ɗaya ne: ko ta kutse, ko Sandevistan mai rage gudun lokaci, ko Berserk mai ƙara ƙarfin faɗa. Kuskuren da aka fi yi shi ne watsa maki a duk halaye biyar, ka kai mataki na 30 ba ka ƙware a komai ba, abokan gaba kuwa suna girma tare da kai. Zaɓi biyu ka cika su. Ga wannan labari, kutse da sanɗa sun fi dacewa, ƙaramar bindiga mai toshe ƙara da iya kashe kyamara daga nesa. Ƙarin ya ɗaga mataki zuwa 60, ya kawo sabon reshen ƙwarewa, Relic, mai maki 15 kacal: 6 daga Songbird, 9 daga na'urorin Militech da ke warwatse a Dogtown. Sun isa ka buɗe komai, amma sai ka tara su duka, don haka mai wuƙaƙen hannu ko igiyar yanka ya fara da Jailbreak, mai harbi ya fara da wanda ke nuna raunin abokin gaba.

Wasan na 'yan shekara 18 ne zuwa sama, kuma da gaske ake. Akwai ashar, giya, caca, jini da tsiraici. A cikin saiti akwai maɓallin rufe tsiraici, ka kunna shi tun kafin ka fara ƙirƙirar ɗan wasa, amma ba ya goge allunan talla na batsa da ke kan tituna. Ba na falo ba ne inda yara da iyaye ke shige da fice, kuma mai gidan gem da ke tara 'yan makaranta ya bar su da ƙwallo. Dama ba wasan awa ɗaya a biya a tashi ba ne, mutum ɗaya ke bugawa, kuma hanya ɗaya kaɗai da ayyukan gefe ta ci min sama da awa 20.