Gargaɗi ga masu sayen mota a Gombe: a yi hattara da motocin haɗari da aka lulluɓe da fenti

Ina jan hankalin jama'ar Gombe da kewaye, musamman ma'aikatan da suka kwashi adashi ko suka ci bashin banki domin mallakar motarsu ta farko, game da wani ha'inci da wasu dillalan mota suka mayar sana'a. Mutanen nan suna sayo motocin da suka yi mummunan haɗari a Amurka, waɗanda kamfanonin inshora suka ga gyaransu ba zai biya ba suka tura su gwanjo, sai a shigo da su ta Legas ko Kwatano a wuce da su gareji kai tsaye. A can ake gasa ƙarfen da wutar walda a miƙe shi, a cike ramukan da fila, a fesa sabon fenti, sannan a baza hotuna a Facebook da WhatsApp ana rantsuwa cewa motar ko ƙwarzane ba ta taɓa yi ba. Sayar da motar da ta yi haɗari ba laifi ba ne muddin an faɗa wa mai saye kuma an rage masa kuɗi. Laifin yana cikin ɓoye aibin da karɓar kuɗin lafiyayyar mota.

Abin da yake ba su mafaka shi ne wata fahimta da ta zauna a zukatanmu, cewa motocin da, irin su Fijo 504 da aka riƙa haɗawa a Kaduna, su ne masu ƙarfi, na yanzu kuwa gwangwani ne kawai. Saboda haka idan mai saye ya lura da wani layi da ya karkace a jikin ƙofa, ko bonet da bai zauna daidai ba, sai dillali ya ce ai duk motocin zamani haka suke, ba su da ƙarfe, ko jingina aka yi da su sai su lotsa. Wannan magana ƙarya ce da aka cakuɗa da 'yar gaskiya, kuma wanda bai san dalilin siffar bodin mota ba zai haɗiye ta.

Gaskiya ne cewa ƙarfen da ake yin fatar ƙofa da fenda da rufin mota da shi a yau siriri ne, galibi kaurinsa bai kai milimita ɗaya ba, domin rage nauyi shi ne rage shan mai. Amma layukan da ake gani sun ratsa gefen mota da doron bonet ba ado kaɗai ba ne, su ne suke ba siririn ƙarfen tauri, kamar yadda kwanon rufi yake samun ƙarfinsa daga tudu da kwarin da aka yi masa. A masana'anta ana matse kowane sashe ne a cikin mazubi da inji mai tsananin ƙarfi, don haka layin gefen dama da na hagu suna fitowa iri ɗaya, kaifinsu ɗaya, kuma ratar da ke tsakanin ƙofa da fenda ba ta faɗi a sama ta tsuke a ƙasa. Hannun mai gyaran bodi, komai gwanintarsa, da wuya ya maido da wannan daidaito da guduma da fila.

Babban haɗarin kuma yana can ƙarƙashin fatar, inda ido ba ya kaiwa. An tsara gaba da bayan motar zamani ne domin su murƙushe a hankali idan aka yi karo, su shanye ƙarfin bugun, ɗakin da mutane suke zaune kuwa ya tsaya yadda yake. Injiniyan kamfanin Mercedes-Benz, Béla Barényi, shi ne ya samu rajistar wannan dabara a 1952, kuma kamfanin ya fitar da ita sosai a motocinsa na 1959. A 2009 wata cibiyar binciken lafiyar hanya ta kamfanonin inshora a Amurka ta yi gwaji, ta gwabza Chevrolet Bel Air ƙirar 1959 da Chevrolet Malibu ƙirar 2009 gaba da gaba. Tsohuwar motar mai kaurin ƙarfe ita ce ɗakin direbanta ya rufta, sabuwar kuwa gabanta ya dagargaje amma mazaunin direba bai rushe ba. Duk mai kewar ƙarfen da ya kamata ya nemi bidiyon nan ya kalla.

To, ƙarafunan nan na gaba sau ɗaya suke yin aikinsu. Idan suka murƙushe aka gasa su aka miƙe, ba za su sake naɗewa yadda aka tsara ba. Ginshiƙin da ke tsakanin ƙofar gaba da ta baya kuwa, a motoci da yawa da wani ƙarfe mai matuƙar tauri ake yin sa, wanda zafin wuta yake kashe masa ƙarfi, shi ya sa masu ƙera motoci suke cewa a canza shi, ba a miƙe shi ba. Mutumin da ya sayi irin wannan mota ya ɗauki iyalinsa ya hau hanyar Bauchi ko ta Kaltungo, inda ake sakin mota ana kuma cin karo da tireloli da shanu, yana tafe ne da kariyar da wani ya riga ya cinye a wata ƙasa. Kuma a tuna cewa idan gudu ya ninka sau biyu, ƙarfin bugu sau huɗu yake ninkawa.

Wasu ma sukan ƙara da wata dabarar, su ce za su ƙarfafa maka motar ta hanyar liƙa ƙarfen kwana a cikin gabanta ko ɗaura ƙaton ƙarfe a kan bamba, su karɓi ƙarin kuɗi. A gaskiya walda suke rufewa. Ƙarfen da ya hana gaban mota murƙushewa yana tura bugun ne zuwa jikin mutanen ciki, yana kuma iya rikita na'urar da ke tayar da jakar iska (wadda ke kumbura ta tare mutum idan aka yi karo), idan ma jakar tana nan, domin sau da yawa wadda ta fashe ba a mayar da ita, murfin sitiyari kawai ake canzawa.

Sauran dalilan siffar bodin mota ba sa buƙatar dogon bayani. Tun bayan tsadar man fetur ta 1973 aka duƙufa wajen sulluɓe jikin mota domin iska ta rage riƙe ta. Dokokin Turai kuma daga 2005 sun tilasta a yi gaban mota yadda zai sassauta wa mai tafiya a ƙasa idan aka buge shi, shi ya sa ake barin rata tsakanin bonet da inji. Bonet ɗin da aka danƙara wa fila yana iya rasa wannan laushi.

Wanda zai sayi mota kada ya duba ta da almuru ko bayan an jiƙa ta da ruwa. Ya je da rana tsaka tare da bakanike da mai gyaran bodi nasa na kansa, ba waɗanda dillali ya kawo ba, ya tsuguna a kusurwar motar ya bi layin gefe da ido daga fitilar gaba har ta baya, sannan ya zagaya ya kwatanta da ɗaya gefen. Ƙaramin maganaɗisu da aka naɗe a ƙyalle yana kama ƙarfe amma yana saki inda fila ta yi kauri, sai dai a sani cewa ba ya kama bamba ta roba ko sashen alminiyum, kada a zargi mutum a banza. A buɗe bonet a duba kusoshin fenda ko sufana ta taɓa su, a ɗaga shimfiɗar but da robar bakin ƙofa a ga ko ɗigon waldar masana'anta yana nan a jere ko an maye gurbinsa da waldar hannu. Fitilar jakar iska ya kamata ta kama idan aka murza makulli, ta mutu ita kaɗai bayan 'yan daƙiƙoƙi. Idan ba ta kama ba sam, a yi zargin an cire ta. Lambar shasi mai haruffa da lambobi 17 tana nan a gindin gilashin gaba da bakin ƙofar direba, kuma idan motar daga Amurka take, sa lambar a intanet sau da yawa yakan fito da hotunanta na wurin gwanjo, da duk raunin da ta zo da shi.

Dillalin da ya hana a ɗauki wannan lamba, ko ya ce wani Alhaji yana hanya da kuɗi don haka a yi sauri a ba da kafin alƙalami, a bar masa motarsa. Idan kuma ciniki ya faɗa, a rubuta yarjejeniya a gaban shaidu, a sa lambar shasi a ciki, mai sayarwa ya sa hannu cewa motar ba ta taɓa haɗarin da ya taɓa shasi ko ya fasa jakar iska ba, kuma zai mayar da kuɗi idan aka gano akasin haka. Da wannan takarda ne za a iya zuwa wurin 'yan sanda ko kotu.