Kwas ɗin Medical Neuroscience a dandalin karatu ta intanet na Coursera, sashen motsi ne ya fi kama ni

Jama'a duk mai son sanin yadda ƙwaƙwalwa ke aiki ya leƙa wannan kwas ɗin, na Jami'ar Duke ne ta Amurka, Dakta Leonard White ke koyarwa. Gaskiya mutumin ya iya koyarwa, ba ya gaggawa, kuma ba zane kawai ba, ƙwaƙwalwar mutum ta gaske yake ɗaukowa a hannu yana nuna maka lungu-lungu.

Inda na fi jin daɗi shi ne bayanin basal gangiliya, wasu curin ƙwayoyin jijiya ne can cikin ƙwaƙwalwa. Ka ɗauka ga kofin ruwa a gabanka ga waya tana ƙara, hannu zai iya zuwa ko'ina, to ya ake ɗaya ya ci? Ashe dama birki a take yake kullum, akwai wani yanki na basal gangiliya mai suna gulobus falidus da ke danne talamus, wato tashar da ke miƙa saƙo zuwa saman ƙwaƙwalwa, da sinadarin GABA mai rage aikin jijiya ba dare ba rana, idan saman ƙwaƙwalwa ya turo saƙo zuwa sitirayatum, wato mashigar basal gangiliya, sai hanyoyi biyu su kama aiki, hanya ta kai tsaye ta ɗaga birkin ga motsin da ake so, ita kuma hanyar zagaye ta bi ta sabtalamus, wani ɗan yanki a ƙarƙashin talamus, ta ƙara danne sauran don kar su yi katsalandan, shi ya sa kake ɗaukar wayar ba tare da hannun ya tsaya yana kai-kawo a tsakani ba. Wallahi abin akwai ban mamaki.

Wani sinadarin ƙwaƙwalwa mai suna dofamin ne ke daidaita hanyoyin biyu. A cutar Parkinson ƙwayoyin da ke samar da shi ne ke mutuwa, sai mutum yana son tashi daga kujera amma fara motsin ya gagara, ba kasala ba ce ko kaɗan, kuma na so ace masu jinyar irin waɗannan bayin Allah sun san haka. A cutar Huntington kuma akasin haka ne, motsin da ba a kira ba sai ya yi ta fitowa.

Amma fa kwas ɗin da nauyi, Turanci ne zalla kuma matakin ɗaliban likitanci ne. Ka tanadi biro da takarda ka riƙa zana hanyoyin da kanka kana sa alamar wa ke danne wa, in ba haka ba za su cakuɗe maka.